Kundi na biyu: Talk About It, MI 2, da saƙon da ƙanena ya turo daga Isa

 Masu saurare da masu jiran rubutu saboda data ta yi ƙasa, duk ina gaishe ku. Gaisuwa ta musamman ga mutanen gida, Sabon Birni da Isa, Gatawa, Unguwar Lalle, Bafarawa, da 'yan'uwanmu da ke zaune tsallaken iyaka wajen Maraɗi. Allah Ya kawo mana sauƙi. In kun ji Gobirci ya suɓuce mini a tsakiyar magana ku yi haƙuri, da shi aka shayar da ni.

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne. Kuma ba abin da na shirya yi ke nan ba wannan makon, wani abu ne ya taso.

Daren Talatar da ta wuce wani ƙanena ya turo mini saƙon murya, minti goma sha ɗaya cur. Ba uwa ɗaya uba ɗaya muke ba, amma a gabanmu ya tashi. Ba zan faɗi sunansa ba, za ku gane dalili nan gaba. Yaron yana rap. Shekara biyu da suka wuce ya tara 'yan kuɗinsa ya je Sakkwato, ya ɗauki waƙoƙi bakwai a wani situdiyo da bai fi shagon cajin waya girma ba. Babu talla, babu bidiyo. Daga waya zuwa waya suka bi, ta Xender da wurin masu tura waƙa a kasuwa, har wata rana na ji ɗaya daga ciki tana tashi a aljihun wani ɗan kabu-kabu da bai ma san wa ya yi ta ba. Abin da ke cikin waƙoƙin kuwa duk ɗan yankinmu ya san shi: gonar da aka shuka ba a girbe ba, harajin da mutanen daji ke ɗora wa gari kafin a bari a shiga gona, da watannin nan na ƙarshen 2021 da aka katse layukan waya, sai mai layin Nijar ke iya sanar da dangi cewa yana raye.

To yanzu yana son yin na biyu. Wani a Kano ya ce zai biya kuɗin situdiyo da bidiyo, da sharaɗin a yi waƙoƙin soyayya da na rawa waɗanda za su hau TikTok, kuma a rage Gobirci. Mahaifiyarsa ta ce ya bar maganar mutanen daji, ita a gari take kwana. Abokansa kuma sun ce in ya canza ya sayar da su. A ƙarshen saƙon sai ya ce, "Yaya, mi kag gani?"

Ban ba shi amsa ba daren. Na ɗauko abin sawa a kunne na saurari kundi biyu a jere, waɗanda na daɗe ban ji su daga farko har ƙarshe ba: Talk About It da MI 2, na M.I Abaga.

Na san wasunku lokacin da na farkon ya fito ko firamare ba ku shiga ba, don haka bari in ɗan koma baya. Jude Abaga ɗan Jos ne, a can aka haife shi a 1981, asalin iyayensa Takum ta jihar Taraba. Ya je Amurka karatu, ya dawo gida, ya shiga kamfanin Chocolate City na su Audu Maikori. Waƙarsa Crowd Mentality ce ta fara sa aka ɗago kai aka dube shi. Sai a watan Disamba 2008 ya saki Talk About It.

Abin da ya kamata ku gane shi ne, a wancan lokacin mai rap da Turanci a Najeriya yana tsakanin abu biyu. Ko ka yi rap mai nauyi, masana su yaba maka, ka koma gida da yunwa. Ko ka yi waƙar rawa, ka samu kuɗi, masana su ce kai ba mai rap ba ne. Su Modenine suna can gefen farko, ana girmama su, amma ba a jin su a gidan biki. M.I ya zo ya zauna a tsakiya. Turancinsa mai sauƙin kamawa ne, yana gauraya shi da Turancin buroka, ƙafiyarsa tana faɗuwa daidai kan kiɗa, ga barkwanci. A waƙar Safe, wadda ya yi da Djinee, ya ɗauki waƙoƙin da ke tashe a lokacin ya riƙa wasa da su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya ji sai ya yi murmushi don ya gane inda aka dosa. A Short Black Boy ya mayar da gajartarsa abin kirari, kafin wani ya yi masa gori da ita. A Fast Money Fast Cars kuma akwai wani yaro mai siririyar murya da ke yin amshi, wanda kusan ba wanda ya san shi a lokacin. Sunansa Wizkid.

Ni a Sakkwato na fara jinsa, a 2009, ina makaranta. Wani abokin ɗakinmu ya zo da faifan daga hutu, mun juya shi har ya fara tsalle. Abin da ya kama ni ba Turancin ba ne, don rabinsa ma ban gane ba sai daga baya. Yunwar da ke cikin muryar ce. Kana ji ka san mutumin nan ya daɗe yana jiran a miƙa masa makirfo, kuma ba shi da tabbacin za a sake miƙa masa. A shekarar ya ci kyauta biyu a gasar MTV ta Afirka, ta gwanin hip-hop da ta sabon mawaƙi. A 2010 sunansa ya shiga jerin 'yan takarar BET a Amurka.

Sai Nuwamba 2010, MI 2: The Movie ya fito.

Tun daga sunan za ka san an samu canji. An tsara kundin kamar fim, da 'yan gajerun wasannin kwaikwayo a tsakanin waƙoƙi. Kiɗan ya yi kauri, an ji kuɗi a ciki. Baƙi kuma manya: 2face a Nobody, Flavour a Number One, Waje a One Naira, Brymo a Action Film. Ta fuskar kasuwa ba a magana, ya fi na farko shiga gari nesa ba kusa ba. Number One ta shiga gidajen biki, da kiɗanta irin na ƙasar Ibo. One Naira kuwa, ai har yau in aka sa ta a mota sai ka ga wani ya yi shiru yana tuna wadda ta zauna da shi lokacin babu, ko wadda ta gudu.

Amma tun a lokacin gardama ta tashi, kuma mu ma mun yi ta a ɗaki har dare ya raba. Wasu suka ce M.I ya girma. Wasu suka ce ya bar rap ya koma neman kasuwa. Ni a wancan lokacin ina cikin rukuni na biyu, kuma da zafina. Na ce amshi ya yi yawa, baiti ya yi kaɗan. Na ce a na farko yana magana da mu, a na biyu yana magana da filin wasa.

Da na sake saurare makon nan, wani ɓangare na wancan hukuncin yana nan daram. Wasannin kwaikwayon nan sun tsufa, sau ɗaya ake jin daɗinsu, na biyu sai ka tsallake. Kuma akwai wuraren da kake jin mutum yana faɗa maka shi ne sarki, alhali a kundin farko bai faɗa da yawa haka ba, nunawa ya yi ka gani da kanka. Bambancin mai neman sarauta da wanda aka naɗa ke nan. Mai nema yana zagaya gari yana gaida kowa. Wanda aka naɗa yana zaune ana zuwa gaishe shi. In ana maganar rap zalla, alƙalami da numfashi da yunwa, har gobe Talk About It nake ɗauka.

Sai dai akwai abin da ban lura da shi ba ina ɗan makaranta, sai yanzu da abin ya zo ƙofar gidanmu.

Ku duba kwanan wata. A ƙarshen Nuwamba 2008 rikici ya ɓarke a Jos bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ɗaruruwan mutane suka mutu. Bayan 'yan makonni Talk About It ya fito. Lokacin aikin kundin ya riga ya yi nisa, kuma hankalin mai shi yana kan abu ɗaya: a san ni, a ji ni. Sai Janairu 2010 wuta ta sake tashi, aka yi Kuru Karama. A watan Maris aka yi Dogo Nahawa. Musulmi sun mutu, Kirista sun mutu. Wato tsakanin kundi na farko da na biyu, garin da ya raini mutumin nan ya ƙone fiye da sau ɗaya, shi kuma yana Legas ana ba shi kyaututtuka.

A cikin MI 2, a tsakiyar waƙoƙin biki da na taƙama, akwai Wild Wild West. Waƙa ce kan Jos, kan garin da ya sani da abin da ya koma. Ba waƙar rawa ba ce, ba a sa ta a biki. Da ina ɗan shekara ashirin tsallake ta nake yi in koma Action Film. Makon nan sau huɗu na maimaita ta, ina zaune a duhu, ina tuna hanyar Isa zuwa Marnona yadda muke bin ta da dare muna yara ba fargabar komai, da motar nan da aka ƙona da fasinjoji a yankin Sabon Birni a Disamba 2021. Wallahi sai da na cire abin kunnen na ɗan zauna.

To ka ga inda lissafina ya rikice. Kundin da na zarga da neman kasuwa, shi ne ya ɗauki maganar gida ya kai ta kunnen mutanen da ba su taɓa taka Filato ba. Wanda ya sayi faifan don Flavour, dole ya wuce ta kan Jos. Da kundin duka irin Wild Wild West ne, da mu 'yan gardamar ɗaki kaɗai za mu saya, mu yaba, magana ta mutu a nan.

Wannan ba a kan M.I aka fara ba. Duk mai bin rap ya san labarin Nas. A Afrilu 1994 ya saki Illmatic yana ɗan shekara 20. Waƙa goma kacal, kusan minti arba'in, duk a kan unguwarsu Queensbridge a New York. Manyan masu haɗa kiɗa na lokacin suka taru a kansa: DJ Premier, Pete Rock, Q-Tip, Large Professor. Mujallar The Source ta ba shi makirfo biyar, makin da ba ta cika bayarwa ba. Amma kasuwa ta yi sanyi, sai a 2001 kundin ya cika kofi miliyan ɗaya a Amurka. Shekara bakwai fa.

A Yuli 1996 ya dawo da It Was Written. Ya ɗauko Trackmasters, masu kiɗan da rediyo ke so, ya gayyato Lauryn Hill ta yi masa amshi a If I Ruled the World, ya sa rigar babban ɗan daba mai kuɗi yana kiran kansa Escobar. Kundin ya hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard, ya yi mako huɗu a can, ya sayar da sama da miliyan biyu. Masoyan farko suka ce ya ci amana. Kusan shekara talatin ke nan ana wannan gardamar ba a gama ba.

Amma a cikin wannan kundin da aka zaga akwai I Gave You Power. A waƙar, Nas bai yi magana a matsayin mutum ba. Bindiga ce ke magana. Tana ba da labarin hannayen da ta bi, yadda ake ɓoye ta, yadda ake fito da ita, yadda ta gaji da aikin da ake sa ta. Bai ambaci sunan kowa ba, bai nuna gidan kowa ba, amma duk wanda ya tashi a unguwa irin tasu ya san da wa ake. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mi ya sa na biyu ke wahala haka? Manomi zai fi kowa ganewa. Gonar da ta daɗe tana hutawa, shekarar farko ko ba taki za ta ba ka mamaki, don ƙarfin shekaru ne a kwance a ciki. Shekara ta biyu kuwa sai abin da ka zuba. Waƙoƙi bakwai ɗin ƙanena, tun yana yaro yake tara su bai sani ba. Yanzu an ba shi wata shida, ga mutane tsaye a bakin gona suna kallo. In ya sake shuka abin da ya shuka, a ce ba shi da wani abu sai kuka. In ya canza iri, a ce ya manta gida. Ice Prince ma ya sha wannan, bayan Oleku da kundinsa na 2011. Duk abin da ya fitar a Fire of Zamani a 2013, har da Aboki da ta zagaye ƙasa, sai an ɗora shi a sikeli da Oleku.

Wani abu kuma da nake ganin mu 'yan Gobir bai kamata ya ruɗe mu ba. Wannan lissafin na kundi na ɗaya da na biyu, lissafin kamfani ne da kanti. Mu a Isa muna da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir Amadu. Wa ya taɓa tambayar Bakandamiya ta nawa ce a jerin waƙoƙinsa? Makaɗin fada yana yi wa ubangida ɗaya waƙa shekara da shekaru, jigo ɗaya, yabo da zuga da zambo, kuma ba a ce ya maimaita kansa, don duk fitowa da abin da zai ƙara, da wanda zai sauya, gwargwadon abin da ya faru a gari da wanda ke zaune a wurin. Waƙar ba ta daskarewa sai ranar da aka ɗauke ta a na'ura. Abin da 'yan rap ke kira bif kuwa, irin wanda M.I ya yi a waƙarsa Beef yana mayar wa Kelly Hansome martani, ai zambo ne, kakanninmu sun gama da shi tuni. Kuma sun fi mu iya habaici. Makaɗi zai siffanta abokin gabar sarki, tafiyarsa, rawaninsa, rowarsa, kowa a fada ya gane, a yi dariya, amma ba suna. In ka tashi ka ce da kai ake, kai ka tona kanka.

Sai dai kar in yi muku daɗin baki. Narambaɗa yana da sarki a bayansa. M.I yana Legas lokacin da ya yi waƙar Jos. Nas yana da kamfani da lauyoyi. Ƙanena ba shi da kowa sai Allah, kuma tsohuwarsa tana kwana a garin da kowa ya san gidan kowa. A ƙasar da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024, ya rasu a hannun masu garkuwa, Allah Ya jiƙansa, wa zai tsaya wa yaro mai waƙa? Don haka abokan nan nasa da ke cewa kar ya canza, ya ma ƙara zafi, ya kama suna, ina jin su, amma yawancinsu daga Sakkwato da Kaduna suke turo saƙon. Ni ma daga nesa nake magana. Ba zan zuga ɗan mutane ya hau dokin da ni ban hau ba.

Jiya na kira shi, muka yi kusan awa ɗaya, layi yana yankewa muna sake kira. Na ce masa abu na farko, maganar tsohuwa ita ce gaba da ta kowa, har da tawa. Ba suna, ba sunan gari, ba abin da za a bi a gane gida. Na biyu, kuɗin mutumin Kano ba haram ba ne, kuma waƙar soyayya ba cin amana ba ce. Ana soyayya a Isa, ana ɗaura aure a sansanin gudun hijira, wanda ya ce ba a yi bai je ba. In zai yi ta, ya yi ta gida: saurayin da ke hawa tudu neman sabis don ya ji muryar budurwarsa da aka kai Maraɗi. Wannan ba wanda zai rubuta ta a Kano. Amma a zauna a rubuta yarjejeniya, a san wa ke da waƙoƙin bayan an fitar, kuma a bar masa gurbin waƙa biyu ko uku da ba mai sa masa baki.

Maganar Gobirci kuwa na ce kar ya sake ko da wasa. ClassiQ da BOC Madaki ba su ajiye Hausar Bauchi ba kafin a ji su, DJ AB bai bar ta Kaduna ba. Harshen nan shi ne abu ɗaya da yake da shi wanda ba a saya a situdiyo.

Sai na ba shi labarin waƙar bindigar nan ta Nas. Na fassara masa yadda aka gina ta, don bai taɓa ji ba. Ya yi shiru har na ɗauka layi ya sake yankewa. Can sai ya ce, "Yaya, to in babur ne fa?" Na ce wane babur? Ya ce babur ɗin da aka saya don kai amarya da kai mara lafiya asibiti, aka ƙwace shi a hanya, yanzu mutum uku ke hawansa da dare, kuma ya san duk hanyoyin garin da ake kai shi don da can shi ke kai yara makaranta ta nan.

Na ce masa ya kashe waya ya je ya rubuta.

Bai turo komai ba tukuna, kuma ban san ko mutumin Kano zai yarda da sharuɗɗan ba. In ya turo kuma ya ba ni izini, za ku ji ta a nan. Kafin nan, waɗanda suka san kundin biyu na M.I, ku faɗa mini wanne kuke ɗauka da dalili, ban da zagi don Allah. Waɗanda ba su sani ba ku nema ku saurara a jere, kar ku tsallake Wild Wild West kamar yadda na yi shekara da shekaru. Mutanen gida, a kula da hanya, kar a yi dare. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.